Rafali da Ɗan Farinsa

Wallahi Tanimu shi ya jawo wa kansa. Shugaban magoya bayan Kwalejin Ilimi ne, baki gare shi kamar reza, ya tashi gaban jama'a ya ce in Kwalejin Aikin Gona ta ci su a wasan ƙarshe, a aske masa gemu ƙwal. Gemun nan kuwa shekara uku yana kiwonsa, har man zaitun yake sha. Ashe rafalin da aka turo, Malam Ɗantani, ɗan farinsa Habibu ne ke tsaron baya a Aikin Gona. Yaron nan ya sa hannu biyu ya ture ƙwallo a bakin raga, kowa ya gani har mai rake, rafali ya kau da kai yana kallon sararin Allah. Saura minti biyu a tashi, Habibun dai ya hau gaba, iska ta taɓa shi ya zube yana ihu. Fiit! Fenareti. Ɗaya da nema.

Ko filin ba a bari ba 'yan Aikin Gona suka yi wa Tanimu zobe, babbansu Sallau riƙe da aska.

Tanimu ya dafe gemu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ba inda za a taɓa! Wannan ai fashi ne da rana tsaka. Uba ya busa wa ɗansa wasa, ku ce kun ci?"

Sallau ya ce, "Haba Tanimu, kamar ba Bahaushe ba? Ɗan fari ne fa. Mutumin da ko sunan yaron ba ya faɗa, shi kake so ya tsaya ya ƙura masa ido, har ya rubuta sunansa a kati? Kunya ce, ba son kai ba."

"To da ya faɗi a ragarmu, ina kunyar ta tafi?"

"Nan ma bai duba ba. Kuka ya ji. Wane uba ne zai ji kukan ɗansa ya yi shiru?"

Aka bushe da dariya, har da 'yan Ilimin, marasa kirki. Tanimu ya ga ba sarki sai Allah, ya zauna a kan benci ya miƙa haɓa.

Ya ce, "Aske, Sallau, gemu zai tsiro. Amma badi surukar rafalin za mu sa a lamba tara. In ya cika namiji ya busa mata satar gida."