Rasuwar Malam Kulle, Wasan Katin Shagon Suwaiba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ido a bushe, Hajiya Suwaiba 'yar Damagaram, mai shagon atamfa a kasuwar Tamanrasset, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wasan katinta, wanda aka fi sani da Malam Kulle. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara uku yana hidima a kan teburin yankan yadi.

Marigayin ya shigo garin nan a jakar ƙanenta Mahamane, mai dafa wa baƙi 'yan yawon buɗe ido abinci a hanyar dutsen Assekrem. Wasu daga cikin baƙin ne suka manta shi a mota. Kati sittin ne a ɗan akwatin kwali, rubutunsa duk Faransanci. Laure, maɗinkiyar shagon, wadda ta yi lekkol, wato makarantar boko, ita ta karanta musu: an kulle ku a cikin jirgin ruwa mai nutsewa, kuna da awa guda ku nemo mafita. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin teku. Sau huɗu suna nutsewa kafin su buɗe ƙofar ƙarshe, ranar kuwa Suwaiba ta yi guɗa har masu dabino suka leƙo.

Malam Kulle mai halin kirki ne. Bai san mai ci da wanda aka ci ba. Ko a fita tare, ko a nutse tare. Katin makulli yana hannun wannan, katin ƙofa yana hannun wancan, sai an haɗa lambobinsu sannan hanya ta buɗe. Da Suwaiba ta haddace amsoshin, sai ta koma mai tsaron ƙofa. Bayan la'asar takan zaunar da mutum huɗu, ta saita awa a salula, ta kama bakinta ko da suna roƙo. A teburin nan Idrisa, magini daga Maradi, wanda bai iya karatu ba, ya hango lambar da aka ɓoye a zanen igiya, bayan masu lekkol uku sun gaza. Ya yi wata biyu a garin ba wanda ya tambaye shi sai ina siminti. Daga ranar ake aika a kira shi.

Marigayin ba mai surutu ba ne. Muryarsa ɗaya ce, fat, in an kifa kati, sai ɗan shuuu in ana tattara shi.

Ciwon ajalinsa ya faro ne ranar da Alhaji Khamisu, mai shagon takalma na maƙwabta, ya nemi a ba shi kujera. Katin makulli ya faɗo hannunsa, sai ya zura shi aljihu, yana jiran ya buɗe ƙofar shi kaɗai a tafa masa. Awa ta cika, jirgi ya nutse da su duka, aka yi dariya. Katin ya tafi gida a aljihu, ya bi riga cikin ruwan wanki. Laure ta zana wani a madadinsa, marigayin ya ci gaba da aiki yana ɗingishi.

Daga nan Alhaji ya fara bin shaguna yana cewa caca ake yi wurin Suwaiba. Wasu matan da suka shekara suna sayen atamfa a hannunta suka daina shigowa. Wata ta wuce ta ko gaisuwa babu. Abin ya ci mata rai, amma ba ta ɗauke teburin ba.

Ranar Talata Alhaji ya shigo da kansa, ya ce, "Hajiya, ki rufa wa kanki asiri ki daina. Mace da karta a tsakiyar kasuwa?"

Ta ce, "Alhaji, ka zauna a teburin nan awa guda. Ka ga an aza ko dinari ɗaya?"

"Ni dai na faɗa miki."

"To, na ji. Ba zan daina ba."

Sai ya sure akwatin ya jefa a kaskon gawayin shayi, murfin ya faɗi gefe. Laure ta sa hannu cikin wuta ta tsamo kati tara, yatsunta biyu suka tashi. Sauran suka tafi a gaban idon Suwaiba. Ta sa wa Laure magani, sannan ta zauna ta fara faɗo katunan ɗaya bayan ɗaya, lamba da zane, Laure tana rubutawa da hannun hagu. Kafin azahar sun kai sittin, ba wanda ya ɓace.

Marigayin ya bar marayu tara masu ƙunar gefe, da murfin akwati, da mutum sama da ɗari waɗanda ya fitar daga jirgi lafiya, cikinsu har da Buzayen Agadez da 'yan Kano. Iyalan ba su karɓi batun yafiya ba tukuna, kuma suna roƙon kada a matsa musu.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Ba za a yi masa salla ba, tunda kati ne. Mahamane zai ɗauki tokar a gwangwanin tumatir ya binne ta a gindin dutse, a hanyarsa ta aiki. Zaman makoki kuwa a ƙofar shago za a yi shi, a waje, inda duk mai wucewa zai gani, kuma an riga an ari tebur biyu. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da sukari ko dabino. Kowa ya zo da kwali mai tsabta, da almakashi, da alƙalamin bik ja da shuɗi. Za a yanka, a zana, a rubuta da Hausa, kuma mutum huɗun farko za su shiga jirgi kafin magariba.