Kunnen Malam Jatau da Tulun Kaza

Wani mutum ne a Unguwar Rimi ana ce masa Malam Jatau, mai gyaran rediyo. Allah Ya ba shi abu biyu a yalwace, tumbi da baki, amma shi da kunnensa yake taƙama. A cewarsa, in sauro ya wuce ta bayan katanga, yana iya gaya maka ko a ƙoshe yake ko da yunwa.

Ba za a ce bai san komai ba. Ya taɓa tsintar wani tsohon littafin kimiyya marar bango, ya haddace babin sauti, tun daga ranar majalisa ba ta sake hutawa ba. Ko cokali ne ya faɗi sai ya ɗaga yatsa: ƙara ba komai ba ce illa karkarwa. Abu ya girgiza, ya girgiza iska, iska ta kawo wa kunne, kamar yadda ruwa ke yin zobe-zobe in an jefa tsakuwa a tafki. Gaskiya ce kuwa. Illarta kawai, an ji ta sau ɗari.

To, sai masallacin unguwa ya samu sababbin lasifikoki, ana neman wanda za a damƙa wa kula da su. Jatau ya ƙwallafa rai, har da ɗinka farar shadda. Shugaban kwamiti, Alhaji Maikano, mutum ne marar yawan magana, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar Laraba dai ya ce Jatau ya raka shi kasuwa su sayo wa masallaci tuluna huɗu na ruwan sha, tunda tulu da kunne ake zaɓensa. Jatau ya gane jarrabawa ce. Ya zura shaddar, ya fesa turare. 'Yan majalisa uku suka bi bayansu don kallo.

Suka isa rumfar Gwaggo Lantana, wadda ta shekara arba'in tana ginin tukwane. Ba ta gama amsa gaisuwa ba Jatau ya buɗe karatu: lafiyayyen tulu in an ƙwanƙwasa shi sai ya ja ƙara, mai tsaga kuwa nan take ƙararsa ke mutuwa. Tsohuwa ta ce haka ne, ta ci gaba da tauna goronta.

Ya ɗauki na farko, ya ɗora a kan tumbi, ya rungume kamar mai rarrashin jariri, ya buga da zobensa. Ɗif.

"Fasasshe ne."

Na biyu, ɗif. Na uku, ɗif. Haka ya bi tulu goma sha ɗaya yana yanke musu hukunci. Mutane suka fara taruwa. Wata mata da ta riga ta zaɓi nata ta ajiye a hankali. Gwaggo Lantana ta daina tauna goro.

Can sai idonsa ya faɗa kan wani tulu a kwance bayan rumfa, baƙi ƙirin, duk kashin kaji. Saboda shadda, ya kama shi ta baki, ya miƙe hannu nesa da jikinsa, ya buga. Ƙwarrr! Ya lumshe ido kamar mai shan zuma.

"Alhaji, ka ji tulu. Ka ji ɗan zirrr ɗin nan da ke biyo baya? Ba kowane kunne ke kama shi ba."

Ya ƙara da cewa haka masu sana'a suke, sai su ɓoye na kirki a baya.

Tsohuwa ta miƙe. Ta yafuto ɗan garuwa, ta ce ya cika wa Malam tulunsa. Ruwa na shiga ta sama yana fita ta gindi, shaaa, da gashin kaza da komai, ya wanke wa Jatau takalmi da bakin wando.

"A ciki kazata ke ƙwai," in ji ta. "Tun bara ya tsage."

Sannan ta ɗauki tulun farko da ya ƙi, ta rataye shi a yatsu biyu, ta ɗalle da farce. Ƙallll, har mai tattasai na can gefe ya waiwayo. Ta manna shi a tumbin Jatau, ta ɗalla. Ɗif. Ta janye, ƙallll. Ta manna, ɗif. Sai da ta yi sau uku, don na baya ma su ji.

"Ɗana, littafin naka bai gaya maka abin da aka danne ba ya karkarwa ba?"

Jatau ya share zufa, ya ce daidai wannan shafin ne ya yage.

'Yan majalisa suka zube a ƙasa. Matar nan ta ɗauki tulunta. Alhaji Maikano bai ko murmusa ba. Ya zaɓi huɗu daga cikin goma sha ɗayan, ya sa aka ɗora a kurar ɗan dako, sannan ya dubi tumbin Jatau daga sama har ƙasa.

"Malam, maganar lasifika a bar ta. In ka jingina da ita, ko ladanin ba zai ji kiran sallarsa ba."