Hancin Alhaji Ba'ana

"...kalewa, lafiya lau. Ke kuma daga ina kika ɓullo haka kamar aljana, ba motsi ba sallama?"

"Na yi sallama, Ango. Kunnen ne ya yi ritaya bai sanar da kai ba."

Safiyar Juma'a ce a unguwar Abbaganaram ta Yerwa. Alhaji Ba'ana na zaune a kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gidansa, kai ba hula, sanƙo sai sheƙi yake yi. Tun da gari ya waye yake neman zannarsa ta zuwa masallaci, wadda marigayiya matarsa Ya Bintu ta ɗinka masa da hannunta. An birkice ɗaki, an ɗaga katifa, hula ta ce ɗauke ni inda ka ajiye. Wannan ne ya hana shi tsayawa ya tambayi kansa yadda aka yi jikarsa Mu'mina ta iso har bakin tabarma bai san da zuwanta ba. Don shi mutum ne da ya ƙarar da ƙarfinsa yana sayar da kayan turaren wuta a kasuwa. Ido ya ja baya, kunne ya bi shi, amma hanci na nan daram. Duk macen da ke cikin zuri'arsa tun tana zaure yake kiran sunanta, daga ƙamshin da ta hau kasko da shi.

Abin da ya kawo ta kuwa ya sani. An kira ta tantancewar shiga aikin 'yan sanda ranar Litinin, ubanta Babakura ya ce ba da yawunsa ba, kuma kaf Yerwa ba mai tanƙwara Babakura sai wanda ya haife shi. Juma'ar da ta wuce ta zo ta tura wa tsohon wani fim a waya, mai fassarar Hausa, na wata 'yar leƙen asiri, ta tafi ba ta roƙe shi komai ba.

Ta zauna tana kallon kansa. "Yau kuma madubi aka fito mana da shi? Tsaya in gyara kwallina."

"Gyara, ko Allah zai sa a samu mai taya ni ɗaukar kaya. Ni dai na gaji da auren nan, abinci babu, ladabi babu."

"Wa zai kwashi sauran tsoho in na bar ka? Ka kalli fim ɗin?"

"Wane fim? Ni da girmana?"

"Jikanka Habib ya ce sau uku ka aike shi cajin waya."

"Wa'azi nake saurare."

"Wa'azin da ake harbi a ciki?"

Alhaji ya kawar da kai, ya ɓantari goro. Gaskiyar magana ita ce ya kalla, ya maimaita, kuma mako guda ke nan yana neman wanda za su tattauna bai samu ba, don ba zai iya kai zancen majalisar dattawa ba. Cikinsa ya cika fam.

"To, na leƙa," in ji shi. "Leƙawa kawai. Yarinyar dai ba laifi."

"Ba laifi kawai?"

"Ke, bar ni in yi magana. Abin da ya burge ni da ita, ba ta da surutu, ba irin wata da na sani ba. Ta shiga gidan babban maƙiyin nan a matsayin mai wanke-wanke, ana zaginta tana sunkuyar da kai, alhali duk abin da ake faɗa a teburin cin abinci tana kwashewa. Wannan ita ce dabara. Kifi na ganinka, mai jar koma. Sannan wurin da aka ce ta hau jirgi ta tsira, ta ƙi, ta koma ta ɗauko direbanta da aka harba a ƙafa, ta goyo shi a baya cikin ƙanƙara. A nan na ajiye wayar na ce, wannan 'yar halak ce, ta sha nonon uwarta."

"Habib ya ce har da hawaye."

"Hayaƙin murhu ne. Kuma zan yi maganin Habib."

"Faɗan kan jirgin ƙasa fa?"

"Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da ta zame ta rataye da hannu ɗaya, sai da na riƙe tabarma. Amma ƙaryar ma ai ba kaɗan ba ce. Ƙarti wajen goma sun kewaye mace, sai su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar masu layin famfo? Wannan ya karɓi nasa ya kwanta, na baya ya matso. Ba mai cewa, jama'a, mu taru mu danne ta?"

"Ladabi ne da su, ba irin mazan gidan nan ba."

"Kuma tun daga farko har ƙarshe ban ga ta sa loma a baki ba. Ƙasa huɗu ta keta, ko kunu ba ta kurɓa ba. Ke da in an makara da abincin rana kike jiri? Ga takalmi mai tsini kamar ƙusa, da shi take tsere wa mota. Harsashinta ba ya ƙarewa, jan bakinta ba ya gogewa. Shi kuma ubangidan nata da ya ci amanarta, tun fitowarsa ta farko na ce wannan munafuki ne. Mutumin da zai ba ka shayi shi bai sha ba?"

Mu'mina ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wanda ya leƙa kawai ke nan. Da ka kalla fa?"

"Duk wannan mai sauƙi ne," in ji Alhaji, ya gyara zama, don yanzu aka zo fagensa. "Babbar ƙaryar ita ce ta ɗakin barci. Mace ta shiga ɗakin namiji yana kwance, ta sunkuya a kansa, ta zare mabuɗi daga wuyansa, ta fita, wai bai farka ba. Hancinsa na ina? An toshe da auduga? Mace ko ta canza gashi, ta canza ido, ta canza harshe, ba ta canza ƙamshi. A garin nan ma abin dariya ne. 'Yar Yerwa ta yi leƙen asiri? Tana kan kwana humrarta ta riga ta shiga gida, ta gaida mutane, ta zauna."

"Wato kai ba a yi maka haka."

"Ni? Ko ina cikin kabari kika wuce sai na ce ga Mu'mina nan, ta cika sandal ta rage hawi a haɗin turarenta."

"Baki shi ke yanka wuya, Ango."

"Nawa bai taɓa yanka ni ba. Duk macen da ta shiga ɗakina ta ɗauki ko allura ce ban sani ba, ta faɗi abin da take so a duniyar nan, na ba ta."

"Ka maimaita, kunnena ya fara irin naka."

"Na ce ta faɗi abin da take so."

Mu'mina ta sa hannu cikin mayafinta a hankali, ta fito da zanna, ta busa mata iska kamar mai kakkaɓe ƙura, ta ɗora a kan gwiwarta.

Alhaji ya dubi hula, ya dubi yarinya. Goron da ke bakinsa ya tsaya.

"Jiya bayan azahar," in ji ta. "Kana ta minshari kamar injin markaɗe. Tana gefen matashinka, sai da na ɗaga hannunka na zare ta. Har ƙafa na gyara maka."

"Ƙarya ne. Habib kika aika."

"Habib na makaranta. Matso ka shinshina."

Ya matso, ya ja iska. Ya sake ja. Babu sandal, babu hawi, babu humra, sai wani ɗan warin sabulun wanki. A lokacin ne ya tuna yadda ta tsaya a kansa ɗazu bai sani ba.

"Me kika yi wa kanki?"

"Tun ranar da na tura maka fim ɗin ban hau kasko ba. Na san a nan za ka tsaya, tun ina kallon wurin na ce Kaka ba zai bar wannan ya wuce ba. Kayana duka sun sha hayaƙi, wanki ba ya fitar da shi, sai na je Moduganari na aro na ƙawata Ketura, wadda ba ruwanta da turare. Da sabulun wanki nake wanka. Mama har ta fara tambaya ko wani abu ne ke damuna, ta ce 'yar gidan Ba'ana ba ƙamshi kamar buhun gawayi."

"Jikata. Mako guda. Ba turare." Ya girgiza kai. "Da Ya Bintu na raye da ta suma."

"Ɗan hakin da ka raina, Ango. Kyan alkawari?"

Ya miƙa hannu ya shafa ɗinkin hular da ɗan yatsa, murmushin ya ragu.

"Kin san ba ƙiyayya ce ta sa ubanki ya ƙi ba. Garin nan mun ga abin da muka gani. A fim in an harbi yarinya, tashi take yi ta ɗaure da tsumma. A nan ba a tashi."

"Na sani, Kaka." A karon nan ba ta ce Ango ba. "Amma lokacin da ake binciken mata a ƙofar kasuwa, ai 'ya'yan wasu ne suka tsaya suna yi. Kai da bakinka kake sa musu albarka in ka dawo."

Tsohon yana so ya ce wannan dabam, ya laluba bai sami inda ya bambanta ba. Yarinyar da ta iya haƙura da turare mako guda, ta karanci kakanta kamar allo, ta jira ya haƙa ramin da kansa ya faɗa, ai ba a ce mata ba ta san abin da take so ba. Dariya ta taso masa daga ciki, ya yi ta har da tari.

"Kawo hular, ɓarauniya. Mai kama ɓarayi da sata ta fara."

"Sai an fanshe ta. Haka al'ada ta ce."

Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya miƙa mata ta nemo masa lambar, ya kara a kunnen da ya fi ji.

"Babakura? Ka same ni a sahun gaba yau. In an sallame kada ka tashi, akwai magana. A'a, ba shawara ba ce."

Ya kashe, ya karɓi zannarsa ya kafa, ya karkata ta gefe yadda ya saba. Sannan ya tashi da ƙyar ya shiga ɗaki, ya fito da wata 'yar kwalba mai baƙin turare, cikin ragowar haɗin Ya Bintu da ba ya bari kowa ya taɓa. Ya danƙa mata a hannu.

"Wushe, Ango," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Riƙe godiyarki. Je ki hau kasko tun kafin maƙwabta su ji labari. In kin zama 'yar sandan, ki riƙa sawa da yawa, don in kin zo kama ni in samu in tsere ta bayan gida."