Nomau da Tsuntsun da Ya Zama Dutse

A Tungar Gawo akwai wani mutum wai shi Nomau, daga shi sai matarsa Tumba da akuya guda. Ba shi da mugunta, sai dai yadda magana ta shiga kunnensa haka zai aikata ta. Shi Dakta Zulai ta ɗauka aiki saboda ƙarfinsa, lokacin da ta zo daga jami'a tonon ƙasusuwan wani tsuntsu da irinsa ya ƙare tun zamanin da ba a san adadinsa ba, har ƙasusuwan sun zama dutse.

Wata rana ta miƙa masa ƙashin cinya ta ce, "Malam Nomau, riƙe shi kamar jariri." Da ta dawo sai ta tarar Tumba ta yi wa ƙashin wanka da ruwan ɗumi, ta shafe shi da man kaɗanya, Nomau kuwa ya goya shi yana jijjigawa. Kwana biyu Dakta ta yi tana goge maiƙo tana cije leɓe.

Wata rana ta ce, "Har yau ba mu san danginsa ba, ko na jimina ne ko na shamuwa. Sai mun samu kansa." Tausayi ya kama Nomau. Ya bi gida-gida ya koro kaji da zabbi da agwagi cikin rumfarta, wai ko akwai mai shaida mamacin. Zabbi suka watsa takardun da ta rubuta lambobin ƙasusuwa a kansu, matan gari suka biyo sawu suna neman kajinsu. Ranar Dakta ko abinci ba ta ci ba.

Wata rana hadari ya haɗo, saura kwana uku ta koma, kan tsuntsun bai fito ba. Nomau ya tambaye ta yadda za a yi da ramin.

Ta ce, "Bar ruwa ya cinye shi. Na gaji."

Ya ɗauki galma ya yanko hanya daga kwari har bakin ramin. Ruwa ya sauko, ya kwarara ciki, gefe guda ya rufta. Dakta ta zo a guje, ta ga aikin wata huɗu ya bi ruwa, hawaye ya cika mata ido. Can ta hango wani dogon bakin tsuntsu ya leƙo daga inda ƙasa ta zabge. Ta durƙusa cikin taɓo ta daɗe tana dubawa. Ba na jimina ba ne, ba na shamuwa ba, dangi ne daban.

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Dakta. Duka na ba ruwan, shi ne ya rage kan."