Bangon Ɗakin Cin Abinci

Sati uku da kama aikina na mai kula da gine-gine a wata tsohuwar sakandaren kwana kusa da Funtua, aka ce tsofaffin ɗalibai za su zo taro. Zama ya gagare ni. Na jera ayyuka a takarda: na farko yankan ciyawa, na biyu gyaran famfo, na uku bangon ɗakin cin abinci, wanda duk an kakkarce shi da ƙusa.

Mai dafa abinci ta ce, "Malam, da ka tambayi shugaba tukuna."

Na ce, "Iya, share ƙazanta ba ya buƙatar izini."

Na sa aka shafe shi da siminti, aka bi da farar ƙasa har sau biyu, ina tsaye ina nuna inda aka tsallake.

Ashe tun zamanin Baturen da ya kafa makarantar, duk ɗalibin da zai fita sai ya karce sunansa a bangon nan. Ranar taro wani dattijo daga Maska ya ja abokansa, wai su fara gaida bango. Na bi su ina jiran yabo. Ya tsaya, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

Ya ce, "Wa ya kore mu daga makaranta?"

Shugaba ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina.

Har yau, duk tsohon ɗalibin da zai sa hannu a littafin baƙi sai ya kare shafin da tafin hannu ya ce, "Malam, ɗan matsa can, wannan ma sunana ne."