Dusar Ƙanƙarar Al Sabkha

Shekarar da sanyi ya tsananta a Dubai, har aka ce dusar ƙanƙara ta sauka a duwatsun Ras al-Khaimah, na naɗa kaina masanin yanayi a kasuwar Al Sabkha. Na rantse cewa tamu tana tafe, mai musu kuma jahili ne.

Ran nan da hantsi sai ga fari-fari yana saukowa. Na tara jama'a, na cafe ɗaya na jefa baki.

Maƙwabcina Alhaji Isufu ya leƙo daga bene: "Malam, soson kwalin firji nake kakkaɓewa. Da daɗi?"

Na koma shago ina huci. Har yau marasa mutuncin nan, da an buɗe sabon kwali, sai su ce, "Yalla, taho, Malam Ƙanƙara, abincinka ya iso."