Sallamar da ta Kori Burtu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da sallama, sallamar nan da aka koya mana tun muna rarrafe, ta kusa kashe min aure.

Rediyo da cajar waya nake sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, kuma muryata ta kiran masu saye ce (Madam Ngozi ta shagon kusa da ni takan ce ba ni da buƙatar lasifika). Mahaifin Hajara, yarinyar da nake nema, tsohon malamin makaranta ne a Kwaciri, kallon tsuntsaye ne abin sonsa. Wata biyar manyana na zarya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da na ji za shi wani gandun daji da abokansa biyu, sai na ce ai ni ma harkata ce. (Tattabara kaɗai na sani, ita ma soyayya.)

A mota Baba, mahaifin nata, ya ce burtu yake nema, ƙaton baƙin tsuntsun nan. Rabonsa da ganinsa tun yana yaro, ga likita ya ce daga bana gwiwarsa ta gama hawan dutse.

Shadda na saka da sabon takalmi sau-ciki. Ba mu yi nisa da hawan dutsen da ke gandun ba na fara haki, tsoho mai ciwon gwiwa ya wuce ni, na ce su je zan iso. Sai bayan awa ɗaya na kai kufan wani tsohon gari da ke saman dutsen. Can na hango dattawa uku a tsugune bayan rusasshiyar katanga, shiru, ba mai motsi.

To, ni aka yi wa tarbiyyar isa wurin manya baki a rufe? Na gyara hula, na buɗe murya.

"Salamu alaikum! Baba, sannunku da hutawa!"

Sai ji na yi fafafa. Wani baƙin abu mai fararen fukafukai ya tashi daga bakin tsohuwar rijiya, ya nausa daji. Ashe fitowarsa ke nan, Baba ko madubin hangen nesa bai gama ɗagawa ba.

Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo, idonsa ya yi ja. A hankali ya ce, "Wa alaikumus salam, Bala."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Har muka dawo Fagge ban ƙara tari ba, kwana uku kuma ban iya kiran Hajara ba.

Ita ta turo min hoton littafin da yake rubuta tsuntsayen da ya gani. A shafin ranar ya rubuta: "Burtu ɗaya. Bayansa kawai na gani. Surukina ya yi sallama."

Na karanta kalmar nan "surukina" ya fi sau goma. Yanzu ko masallaci zan shiga, sai na leƙa tukuna na ga ko akwai wanda ke jiran wani abu.